Kwaɗo a Aljihu

Ran Litinin na saye shi a El Kasuwa,
kwaɗo ɗan Sin, mabuɗansa uku,
jika guda da dala arba'in.
Alhaji Na-Allah ne ya kira daga Jibiya:
"Ɗaki na huɗu. Wata biyu ko dala ban gani ba.
Ka rufe."

Ran Talata aka rufe iyaka.
Ran Laraba, ina shan shayi wurin Haladu,
rediyo ya yi gyaran murya:
ba ƙarin haya, ba kora,
ba a fidda tabarmar kowa bakin titi
sai cutar nan ta lafa.
Haladu ya dube ni, ya dubi aljihuna,
ya ƙara mini sukarin da ban roƙa ba.

Ni dillali ne. Shekara goma sha tara
ina bin lungunan Bagalam da littafi a hammata.
Na san ƙofar da ke buɗewa kafin sallama,
na san wadda ake aiko yaro ya ce ba ya nan,
alhali ga takalmi.

Ɗaki na huɗu Mantau ne, ɗan kabu-kabu.
Babur ɗinsa na jingine da bango
an lulluɓe shi da tsohon zane kamar mai zazzaɓi.
Na biyu, Tsahara mai ƙuli-ƙuli,
wadda tasha ce gonarta, tashar kuwa tsit.
Na shida, Isuhu tela:
ba biki, ba suna, ba ɗinki,
sai ƙyallayen rufe hanci, dala ashirin-ashirin.

Alhaji ya sake kira.
"Wanda ya yi dokar, shi ya yi mini bulo?
Shi zai biya kuran? Shi zai biya pampo?
Marayun ƙanena bakwai, a gidan nan suke ci."
Ban ce ƙarya yake ba,
don na san marayun, har wadda ke tari na sani.
Na ce, "Alhaji, layin ba kyau."

Abin da ban faɗa wa kowa ba:
la'adata ɗaya cikin goma ce,
ɗaya cikin goman babu kuwa, babu.
Ni ma ɗakin da nake kwana a Mokoyo
na Hajiya Barira ne.
Da ta wuce ni ba ta tambaya ba
sai na ji dokar nan ta zauna a kafaɗata
kamar inuwar bedi.
Bashi hanji ne, in ji mutanen da.
Ban taɓa lalubar nawa cikin ba sai bana.

Ba yafewa aka yi ba, na sani.
Bashin barci yake, ƙafarsa na waje.
Kowane ƙarshen wata ina rubuta shi,
jika takwas, jika takwas,
da alƙalamin da ke gudun takarda.

Damina ta sauka. Gulbi ya kawo.
Kwaɗin Allah na ta wa'azi dare farai,
nawa na ƙarfe shiru,
sai huda mini aljihu da yake yi a hankali.

Daren Jumma'a aka buga mini ƙofa.
Mantau, ba hula, numfashi sama-sama:
"Jikin Hassiya ya tashi, za mu likita.
Ƙofarmu ba ta kamawa.
Ko kana da kwaɗo?"

Na tsaya.
Na sa hannu a aljihu.
Duk ukun na ba shi, ban rage ko ɗaya ba.

Da safe waya ta yi ƙara.
"Ɗaki na huɗun nan fa?"
Na ce, "A rufe yake, Alhaji.
Da kwaɗonka."