Ɗigo Ɗaya daga Windermere

Da sassafe na tsugunna a gaɓar Windermere,
yayyafi na bin wuyan rigata,
na ɗebo ruwa a tsohuwar kwalbar zuma.
A garinmu suna ɗaya muke ba ta: gansakuka.
A kore ta da gindin ƙwarya, a ɗebi ruwa, a tafi.
Ba wanda ya taɓa tambayar ta ɗiyar wa ce.

A ɗakin bincike, can Ambleside,
Malama Enid Birkett ta miƙo min gilashi,
hannunta na rawa, idonta ba ya rawa.
"Ɗigo ɗaya," in ji ta. "Biyu haɗama ce."

Na kafa ido a madubin likita.
Duhu-duhu. Na murɗa. Dishi-dishi.
Gashin idona na gani, na ɗauka wata halitta ce.
Na ƙara murɗawa kamar mai laluben tasha a rediyo,
sai gari ya waye.

Ga wata kamar jinjirin wata, koriya shar,
ba wanda ya fito dubanta.
Closterium, in ji littafi.
Ga huɗu sun jeru kafaɗa da kafaɗa,
sahu ba liman,
na gefe da ƙaho bibbiyu.
Ga ƙwallo na mirginawa a hankali
da 'ya'yanta a ciki.
Shayina ya huce ban sani ba.

Sai doguwar nan mai gaɓa-gaɓa kamar kara,
koren zare murɗe a cikinta
irin murɗin da kakata ke yi wa abawa.
Na ƙirga murɗin, na auna faɗi,
na rubuta cikakken suna da biro, har da ja masa layi.

Malama ta leƙa, ta daɗe.
"Spirogyra ce, dangi kam kin gane.
Amma wace ce a cikinsu,
sai ranar da zare biyu suka jeru,
suka miƙa wa juna gada, suka haɗa iri.
Shekara talatin da ɗaya ina jiran wata
a kududdufin bayan gidana."
Ta zare biron daga hannuna,
ta sa min fensir.

Da yamma ɗigon ya fara bushewa daga gefe,
garin ya takure, ya yi tsit.
Na mayar da ragowar inda na ɗebo.
Agwagi suka taso, sun ɗauka burodi ne.
A littafina: rabin suna, alamar tambaya,
da kwanan wata.