Ɗinkin Baya

Shekara tara ina ƙirga wata
kamar mai bin bashin da ba shaida,
yau Dakta Kasham ta turo mini kati a kan tebur,
ƙwaya ashirin da ɗaya, a jere kamar maɓallan riga.
Na karanta bayan kwalin.
Na sake karantawa.
Na ce, Likita, ko na wata kika ɗauko?
Ni haihuwa na zo nema,
wannan kuwa na masu neman hutu ne.

Ta cire tabarau, ta goge da bakin mayafi.
Kubura, ƙwayayenki kowa gabansa yake yi,
wannan ya yi sammako, wancan ya makara.
Bari su kwanta na sati uku,
in allura ta kira, su tashi tare.

Daga Barnawa na hau keke.
A kan gada na leƙa kogi,
ya cika, ya yi jawur da ruwan Agusta,
ba wanda ya ce masa dakata.
Na cusa katin a ƙasan jaka,
ƙarƙashin zare da almakashi,
sai ka ce kayan sata.

Nafi'u ya juya kwalin a hannunsa.
Filinmu na Rigachikun muka sayar, ya ce,
don a ba mu abin da ake rabawa kyauta a asibitin unguwa?
Bai ƙara ba.
Da dare sai na ji wayarsa ta yi ƙara, tara daidai.
Ya saita ta tun ina wanka.

Ƙwayar nan akwai ba'a.
Ta ba ni tashin zuciya da safe,
ta cika mini ƙirji, ta hana ni ƙanshin daddawa,
har Lantana mai shagon gefe a Kasuwar Barci
ta kalle ni ta yi murmushi, ta ce Allah raba lafiya.
Na amsa da amin.
To me zan ce?

Rana ta goma sha ɗaya Inna ta zo daga Maƙarfi,
tana neman allura a aljihun keken ɗinki
ta ci karo da shi.
Ba ta iya boko ba, amma ta san katin,
ta gan shi a hannun matar ƙanena.
Ta ajiye a tabarma tsakaninmu.
Ashe ke kika sa sakata,
ni ina can ina sadakar ƙosai duk Juma'a?

Bakina ya bushe.
Sai na jawo ƙyalle na sa a ƙarƙashin allura.
Inna, duba.
Kafin in tafi gaba, nakan danna nan,
keke ya koma baya, taku uku,
in ba haka ba ɗinkin warwarewa yake
tun mai riga bai kai gida ba.

Ta daɗe tana kallon zaren.
Ɗinki daban, ciki daban, ta ce,
ta tashi ta yi alwala.
Ba ta ci tuwo ba ran nan.
Washegari da wayar ta yi ƙara
sai ga ta a bakin ƙofa da kofin ruwa,
ta tofa masa abin da ta tofa,
ta miƙo, tana kallon bango.

Jiya na haɗiye ta ƙarshe.
Na ɗaga katin wajen fitila,
tagogi ashirin da ɗaya, duk a buɗe,
ba kowa a ciki.
Likita ba ta yi mini alkawari ba,
ta ce dai mu gwada, Litinin a fara allura.

Akwai wani guntun yadi mai laushi
da ya rage daga kayan wata amarya,
bai kai riga ba sai ta ɗan mitsitsin mutum.
Yana nan a ƙasan akwati.
Na goge shi, na ninke.
Almakashi kam ban kusanta ba tukuna.