Jan Bik

Ran farko na ce su rubuta Gulbi.
Su arba'in da bakwai, duk suka ce
"ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara."
Gulbin kuwa ya janye, sai yashi.

Wata uku jan bik ɗina yana yanka a kaye,
har Barira, wadda ba ta ɗaga hannu,
ta rubuta tafin uwarta:
kantar taɓarya, man gujiya,
dala biyar da gumi ya jiƙa.

Na karanta a unguwar Zariya bayan isha,
wuta ta ɗauke, tocila a haƙorana.
Kuskure goma sha ɗaya.
Ban taɓa ko guda ba.

Da safe na ce, "Tashi ki karanta."
Ta ce, "Mushe, ai ba waƙa ba ce,
inna ce."