Bayan Ƙarfe Bakwai

A jikin firjinmu akwai takarda,
rubutun Rakiya ne, da jan biro:
wanka shida da rabi, barci bakwai.
Malamar asibiti ce ta ce a gwada,
muka gwada, abin ya karɓe mu,
har na fara yi wa abokai wa'azinsa.

Sai ga sunan ɗan Tasi'u a Bradford.
An ce ƙarfe huɗu.
To, huɗun Bahaushe ko a Ingila huɗunsa ce:
bakwai ta buga, ana jiran mai kawo waina.

Na dubi Rakiya, ta dubi agogo,
ta jawo jakar nan mai zanen kwaɗo.
A banɗakin mutane muka goge haƙora,
Nuratu ta shiga rigar barci a kan lallenta,
Sagir aka miƙa masa tsumman bargonsa
wanda ko wanki ba ya yarda a yi masa.

Nuratu ta ɗaga labule ta ce,
"Baba, ai rana ba ta kwanta ba."
Me zan ce? Watan Yuni ne,
magariba sai tara da rabi ta gota.
Yarinya ta fi ni hujja.

A ɗakin sama, tsakanin jakunkunan baƙi,
na shimfiɗa babbar rigata, na miƙe.
Ƙasa ana ta shewa,
ƙanshin farfesu yana hawo mini matakala,
ni kuwa, mutum da gemunsa,
ina minsharin ƙarya don ɗan wata goma sha takwas.
Ya tura yatsa a hancina
ya duba ko da gaske nake.

Hajiya Talatu ta leƙo, tana gyara mayafi:
"Wai barcin ma sai an yi masa alƙawari?
Mu a Funtuwa a baya ake yinsa,
ko da a gindin kalangu ne."
Gaskiyarta. Ni ma na sha ɓingirewa
a tabarmar gidan biki, da ƙashi a hannu,
in farka da safe a ɗakinmu,
ban taɓa tambayar wa ya ɗauko ni ba.
Amma can hannuwa sun fi ashirin, Hajiya.
Nan huɗu ne,
kuma gobe biyu daga ciki za su kama motar bakwai.

Goma da kwata muka yi sallama da ido.
Kafin shataletale na biyu
kawuna sun karkace a kujerun baya,
ɗaya hagu, ɗaya dama.
Na kashe rediyo.
Har Huddersfield ba wanda ya yi tari,
ramin kan titi ma lallaɓa shi na yi.

A ƙofar gida aikin yake.
Maɓallin bel ya ce ƙwas,
muka daskare kamar ɓarayin akuya.
Shiru.
Na ciccibo Nuratu yadda ake ɗaukar
ƙwarya cike da mai a santsi,
kanta da zafi a wuyana,
ta yi nauyin da ban san ta yi ba.
Kyanwar maƙwabciya ta bi mu da kallo.
Na tsallake mataki na huɗu, mai ƙara,
Rakiya na biye, makulli a baki.

Takalmi ɗaya ya ƙi fita, na bar mata shi.
Ta buɗe ido rabi:
"Yanzu ta kwanta?"
"Ta kwanta."
"To."

Na san Sagir ba ya yafe bashi,
biyar na asuba zai zo karɓa.
Muka tsaya a kicin, ba fitila,
muna cin waina mai sanyi daga leda,
takardar nan tana kallonmu daga firji.
Kafaɗata tana ciwo.
Na ce wa Rakiya a hankali,
"Ina jin Kawu Ɗanjuma ne yake ɗauko ni.
Shi ne mai ƙorafin kafaɗa."