Takardar Zinariya

Ƙarfe uku saura na dare a gaɓar Huizhou.
Teku na can gindin tudu yana wanke duwatsu,
ni ina ƙarƙashin ƙasa, safa biyu a kowane hannu,
na ɗauke numfashi
don kada in yaga zinariya.

Ɓawon albasa ma ya fi ta kauri.
Atishawa ɗaya, aikin mako ya bi ruwa.
Da hantsaki nake shimfiɗa ta bisa zobe,
in kai ta inda za a harbe ta.

Liao Wenbin, mai gadin alluna, ya kira ta waya:
"Peishan, a hankali, amma da sauri."
Shekara shida ke nan yana faɗin haka,
bai taɓa jin abin dariya a ciki ba.

Can farkon rami suna tuɓe wa ƙwayoyin zarra riguna,
su kora su tsirara cikin bututun da ba iska,
maganaɗisu na miƙa wa maganaɗisu,
zagaye, zagaye, zagaye,
har su kusa taka wa haske dunduniya.
Sannan a buɗe musu ƙofa, su nufo takardata.

Yawancinsu wucewa suke, ko sallama babu.
Ashe zinariya kango ce, fili ya fi gini yawa.
Sai jefi-jefi ɗaya ta yi karo da ɗaya, goshi da goshi,
cibiya ta nutse cikin cibiya,
su cure, su matsu,
irin matsin da ke cikin tauraron da ya mutu ya dunƙule,
wanda cokali guda na jikinsa zai rinjayi dutse.
Kafin a ce "ga shi", babu shi.
Tarkace kaɗai muke ƙirgawa,
kamar mai tsintar tsingaro
yana son sanin fasalin tulun.

Kakata ma da zinariya take aiki, ta bogi.
Duk shekara, ranar sharar kabari,
takan naɗe takardu masu ruwan gwal kamar ƙananan jirage,
ta cinna musu wuta a gaban dutsen kakana
wanda ya fita kamun kifi da laima a hammata.
Na taɓa yi mata bayanin aikina.
Ta saurara tana ɓare kawa, ta ce,
"To, ke ma ƙonawa kike.
Wa ke karɓa a can?"

Huɗu da minti goma, layin allo ya faɗi warwas.
Wani maganaɗisu ya ɗumama, ba wanda ya san dalili.
Liao ya zagi kakan injin,
ya buɗe taliyarsa da ta huce tun tsakar dare.
Muka zauna.
Famfunan zuƙe iska na ta gurnani.
Wani ɗalibi ya yi barci da biro a baki.
Na ƙirga fitilu ja: goma sha ɗaya. Na sake: goma sha biyu.

Gab da asuba ya dawo.
Babu tafi, babu shewa.
Allo dai ya soma tsiro da zarurruka,
kore, shuɗi, kowane ya lanƙwasa ya kama gabansa,
dubbai a daƙiƙa.
Za a shekara uku ana gardama a kansu
a biranen da ban taɓa zuwa ba.

Sai bayan kwana tara aka bar ni in ɗauko ta.
Na ɗaga ta saitin fitila.
Tana nan yadda na sa ta,
sai ɗan tabo a tsakiya, bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Na rubuta lamba, na rufe akwatin darma.

A motar komawa gida na tuna ban ba kaka amsa ba.
Gobe Asabar. Ta ce in taho da gishiri.