Gurbin Hagu

Ƙarfe uku saura kwata, Valparaíso ta yi tsit,
sai nishin jiragen ruwa can ƙasa a tasha.
Nélida ta turo shi a gado mai taya:
Eleuterio Maturana, saba'in da ɗaya,
wanda ya tsufa yana jan motar igiya
daga bakin teku zuwa kan tudu.
Ya dafe kwiɓin dama. Fitsari ya ɗauke tun jiya.

"Ja numfashi. Riƙe."
Zoben na'ura ya haɗiye shi har ƙirji,
ya yi gurnani, ya maido shi.
Ba wuƙa, ba ɗigon jini,
amma ga mutum a allona falle-falle,
sirara kamar yankan albasa.

Daga sama nake farawa, haka aka koya mini.
Gindin huhu baƙi ƙirin, da tabon tsohuwar taba.
Hanta ta shigo ta hagun allo,
don a nan hagu dama ce,
kamar wanda kuke fuskantar juna kuna gaisawa.
Matsarmama lafiya lau.
Saifa a lungunta, ba ruwanta da kowa.
Tumbi da sauran romon kifi.
Babbar jijiya ta yi farin kambu, tsatsar shekaru.

Ƙodar dama ce ta kumbura,
kamar salkar da aka ɗaure wa baki.
Na bi bututunta da yatsa,
falle bayan falle,
gefen ƙashin baya, ta kan ƙugu, cikin kwarin mara,
sai ga ta daf da ƙofar mafitsara:
tsakuwa fara fat,
ba ta kai ƙwayar masara ba,
ta tare hanya ta zauna.

Na koma sama neman ta hagu,
in ga ko ita tana riƙe da gida.
Babu.
Na sake hawa, na sake sauka. Babu.
Hanji ya malalo cikin gurbin
kamar maƙwabcin da ya ga fili ba mai shi.
Sai ƙananan ƙarafa huɗu na masu fiɗa
suna ƙyalli inda aka ɗaure jijiya.

Na bar duhun ɗakina na same shi.
"Ina ƙodarka ta hagu?"
Ya dubi rufi.
"Tana Antofagasta," ya ce.
"Shekara ashirin da biyu ke nan.
Tana cikin ƙanena Fidencio."

Ya ce sun ɓata a kan gidan uwarsu,
gida mai jinkar kwano da ruwa ke zuba.
Shekara goma sha huɗu ko sallama.
Ya yi dariya, ciwo ya katse ta.
"Amma kullum da asuba tana tashinsa fitsari.
Ta nan nake gaishe shi."

Ashe ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Na sha ganin ƙari a cikinsa, da harsashi,
da tsabar kuɗin da yaro ya haɗiye.
Kyauta kuwa ba ta fita a hoto,
sai dai wurin da ta bari.

Na buga wa likitan fiɗa, na tashe shi:
ƙoda ɗaya ce, kuma a toshe,
ba ta jiran gari ya waye.

Nélida ta zo da takarda.
Layin ɗan'uwa na kusa ba kowa.
Ya yi shiru har muka ɗauka barci ne,
sannan ya karanto lamba tara da ka,
bai yi tuntuɓe ko a ɗaya ba.

A rahotona na rubuta,
"Ƙodar hagu: an cire."
Iyakar abin da layin zai ɗauka ke nan.

Ta taga, motar igiya ta farko ta fara hawa,
ta biyu na sauka,
igiya ɗaya ke jan su.
Nélida na tsaye a baranda, waya a kunne.
Tana ta ƙara, can arewa, a wani ɗaki.