Tsakanin Fanka da Famfo

A Yelwa ta Garwa, tsakiyar Afrilu,
lokacin da kwalta ke kama takalmi ta ƙi saki,
kwamfutata ta suma sau uku kafin azahar.
Digiri casa'in da biyar, in ji allo.
Ga bidiyon yayen ɗalibai, rabi a haɗe, rabi a warwatse,
mai shi kuma Asabar yake jira.

Na goya ta a babur zuwa rumfar Tizi.
Ya kwance kusoshi huɗu, ya leƙa, ya ja tsaki:
gashin auduga daga injin gurza
ya saƙa wa 'yar fankar bargo,
man da ke kan ƙwaƙwalwar ya bushe
ya fashe kamar gindin tabki.

Abu biyu ya ɗora a kan tebur.
Na farko hasumiyar ƙarfe ce, haƙora jere kamar matsefi,
bututun tagulla shida sun ratsa ta,
fanka ɗaya a gaba, ba ado, ba fara'a.
Sefa dubu talatin da biyar.
Na biyu ya fito daga kwali mai sheƙi:
famfo, baƙin tiyo biyu, lagireto mai tsawon kamu,
da fitilu masu sauya launi kamar hawainiya.
Dubu casa'in, ba ragi.

"Dubi dorina," in ji Hamajam, yaron rumfar.
"In rana ta take, ina take nufa?
Binuwai!
Ka taɓa jin ta aika a saya mata mafici?"
Na yi dariya, amma raina ya biya.
Shiru nake so a ɗakina,
na gaji da injin da ke huci kamar mai tuƙin tuwo.

Na ce, to in ya lalace fa?
Tizi ya goge hannu a wando.
"Fanka in za ta mutu, sai ta yi kuka kwana bakwai,
ka ji, ka zo, in cire maka wata a tsohon akwati.
Famfo ba ya sallama.
Sai ka aika Duwala,
jirgin ƙasa ya sauke a Ngaundare, mota ta ƙarasa,
mako biyu, in hanya ta yi kyau.
In kuwa tiyo ya zubar da hawaye ko da ɗigo ɗaya,
ni ba na ta'aziyya kyauta."

Ban saya ba ranar.
Da dare aka ɗauke wutar Lagdo,
na zauna kusa da randar Inna Dudu a gindin darbejiya.
Cikinta ruwa, bayanta gumi,
iska na wucewa tana lasa.
Na sa moɗa, na sha, haƙorana suka amsa.
Ashe ba ruwan ne ke yin sanyin shi kaɗai ba.
Na tuna lagireton nan: fanka uku ke manne a jikinsa.
Ruwa ɗan aike ne,
ya ɗauko zafi daga ɗaki ya kai ƙofar gida,
mai karɓa dai iska ce.
Me zai sa in biya ɗan aike
alhali gidan nan taku biyu ne?

Na sayi hasumiyar.
Murfin akwatin ya ƙi rufuwa,
sai da Tizi ya lanƙwasa shi da gwiwa.
Saba'in da takwas, ta tsaya nan, ba ta ƙara suma ba.
Duk Juma'a ina share mata haƙora da tsohon buroshi.

Hamajam har yau gaisuwarsa gajera ce.
Jiya daga kan gada na hango dorinarsa,
ta nutse, ba a ganin komai sai kunne.
Na so in kira shi ya gani:
har ita, hancinta a iska yake.